Shuɗin Dodon Len Bramley

Gordon Truswell ya haura shekara ashirin yana yi wa Len Bramley fentin sojoji. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara hakan, da kansa abin ya zo. Len tsohon mai raba wasiƙu ne, yatsunsa kamar saiwar rogo, in ya ɗauki ɗan sojan roban da bai kai babban yatsa tsawo ba sai ya ɓace a tafinsa. Sau ɗaya ya gwada yi wa wani barde ido, barden ya fito kamar wanda aka naushe shi a mashaya. Gordon kuwa, da ya ƙare aikinsa yana kanikancin bas, hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Yana iya ɗiga ƙwayar ido a fuskar da ba ta fi ƙwayar wake ba.

Saboda haka Len ya saya, Gordon ya shafa. Ran Alhamis da yamma kuma su haɗu da sauran 'yan ƙungiya a zauren unguwa da ke Arnold, a shimfiɗa koren ƙyalle a tebur, a dasa 'yan tuddai da bishiyoyin soso, a jera runduna. Gordon da wadanninsa masu gemu da igwa, Len da baradensa. A auna tafiya da tef, a jefa ƙwayar ludo, a yi ta gardama a kan wanda ya hango wa ta bayan dutse, har lokacin shayi da biskit ya yi. Duk sojan da ke kan teburin nan, na hagu da na dama, daga hannun Gordon ya fito, kuma kowa ya san haka.

An san aikinsa daga nesa. Sulke da tsatsa, takalmi da taɓo, tuta a yage, komai duhu-duhu. In wani ya ce a ɗan ƙara haske sai Gordon ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “Yaƙi za su je, ba biki ba.”

Da bazara Bernice Attewell ta shigo ƙungiyar. Daga Derby ta ƙauro, mace ce mai shekara arba'in da wani abu, sana'arta adon kek na biki. Ranar farko da ta buɗe akwatinta ta fara fito da aljanun dajinta, sai wasa ya tsaya a tebur uku. Alkyabbarsu ta fara da ruwan ganye a kafaɗa ta ƙare da ruwan zuma a ƙasa, ba ka ganin inda wannan ya tsaya wancan ya soma. Mutane suka sunkuya suna haska fitilar waya. Gordon ma ya je, don kada a ce bai je ba. Ya duba, ya koma wurinsa.

“Ka gani kuwa?” in ji Len. “Kai, ka ga fukafukan nan?”

“Na gani. Fentin kek ne. Jefa ƙwayarka, mutumina, dare na yi.”

A ransa ya ce baƙo raɓa ne. Irinsu nawa suka zo da ɗoki suka tafi. Amma raɓar nan rana ta fito ba ta bushe ba. Bernice ta zama 'yar gida, takan zo da guntayen kek da suka rage mata, tana dariya in an cinye ta a wasa, kuma ana cinye ta kullum, don ba ta iya yaƙi ba. Wannan kaɗai ne ke sanyaya wa Gordon rai.

Da kaka ta shigo, 'yar Len ta saya wa ubanta kyautar ranar haihuwa: dodon wuta, irin babban nan, fukafukansa in an haɗa sun kai faɗin faranti. Len ya kawo kwalin zaure yana washe baki. Gordon ya juya kwalin a hannu, tun a nan ya riga ya gama aikin a kansa. Kore mai duhu irin na gansakuka, ciki ruwan ƙashi, hayaƙi ya baƙanta gefen baki. Washegari ya shiga gari ya sayo koren fenti kala uku da sabon burushi, ya share rabin bencinsa a ɗakin katakon da ke bayan gida, ya zauna jira.

Sati ya wuce, Len bai kawo dodo ba. Wani satin ma haka. Gordon bai tambaya ba, don a ganinsa mai fenti ba ya roƙon aiki. Matarsa Pauline ce ta ga bencin a share ta ce, “Ina dodon da ka ishe ni da zancensa?”

“Yana haɗa shi. Kin san Len da gam, sai ya manne yatsunsa tukuna.”

Ran wata Alhamis suna layin shayi, Bernice ta juyo da kofi a hannu ta ce, “Af, Len, na gama fukafukan jiya. Saura ƙirji. Launin ruwan lemon da ka ce, ko in ɗan zurfafa shi?”

Len ya yi ja har kunne. Bai dubi Gordon ba, ya ce wa kofinsa, “Yadda kika gani dai.”

Gordon ya zuba sukari, ya juya, ya juya, har cokalin ya fara ƙara. Da suka koma tebur ya jera wadanninsa ɗaya bayan ɗaya a hankali, sannan ya ce, “Ruwan lemo.”

“Gordon, da ma zan gaya maka.”

“Dodonka ne. Ko ruwan hoda ka so ai ba ruwana.”

“Ka san ɗan tsuntsun nan mai kamun kifi, wanda nake gani a bakin ruwa in na je kamu? Shuɗin baya, ƙirji ruwan lemo? Tun da na ga kwalin nan shi nake gani. Kuma na san in na kawo maka...”

“Me?”

“Kore za ka yi.”

“Dodo ai kore ne.”

“To ka ji,” in ji Len a hankali. “Ka taɓa ganin dodo ne, ɗan'uwa?”

A ranar Gordon ya cinye shi cin da bai taɓa yi masa ba, ko barde ɗaya bai bar masa a tsaye ba, amma bai ji daɗin komai ba. A gida ya kasa cin abinci. Ya ce wa Pauline ba fentin ne ya dame shi ba, ɓoyewar ce. Pauline ta ce haka ne, ta ci gaba da wanke-wankenta. Shekara talatin da aure ta san lokacin da mijinta ke faɗin rabin gaskiya.

Alhamis ta gaba Bernice ta zo da hotuna a waya, wayar ta zaga zaure hannu zuwa hannu. Wani ya ce wannan ai gasa ya kamata a kai shi. Wani tsohon ɗan ƙungiya, wanda Gordon ya taɓa gyara wa runduna guda kyauta, ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan a zauren nan ba. Gordon na tsaye a gefensa mutumin ya faɗi haka. Da wayar ta iso gare shi sai ya ce ya bar tabarau a mota, alhali yana aljihun rigarsa.

Ran Asabar aka wayi gari da yayyafi, irin mai sanyin nan da ba ya sauka sosai kuma ba ya ɗaukewa. Gordon yana ɗakin katako sai ga Len ya turo ƙofa, rungume da kwali an rufe da tawul.

“Ta ba ni jiya. Na ce kai za ka fara gani ido da ido, kafin kowa.”

Ya ajiye a benci, daidai wurin da aka share, ya yaye tawul.

Hoto bai faɗi rabi ba. Shuɗin bayan kamar yana motsi, kowane ɓawon fata da nasa haske a baki, fatar fukafukan kuma sai ka rantse in ka ɗaga ta a rana za ka hango yatsanka ta ciki. Ƙirjin yana ci kamar garwashi. Gordon ya matso kusa. Ya nemi aibu, ya bi wuya, ya bi wutsiya, ya leƙa ƙarƙashin fukafuki inda kowa ke ha'inci. Har can ta shafa.

“Ba laifi,” ya ce.

“Sai dai ba ta sa masa man kariyar da ke hana fenti gogewa ba, nata ya ƙare. Ta ce in kawo ran Alhamis ta tafi da shi ta shafa. Ni kuwa so nake in yi wasa da shi ran Alhamis ɗin. Ara mini gwangwanin feshinka mana, in fesa yanzu ya bushe.”

Gwangwanin na kan kanta, ya kwana cikin sanyi. Gordon ya dube shi, ya dubi taga inda ruwa ke gangarowa. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san abin da feshin kariya ke yi a rana irin wannan. Len bai sani ba, don bai taɓa buƙatar sani ba, Gordon ke yi masa komai. Magana ɗaya ce, bari sai rana ta fito. Ta zo har bakinsa. Sai ya miƙa hannu ya sauko da gwangwanin.

“A waje za ka yi. Warin yana hawa mini kai.”

Len ya fita ƙarƙashin 'yar rumfar ƙofa, ya ɗora dodon a kan bokitin da aka kife, ya fesa da zuciya ɗaya, gaba da baya, sama da ƙasa. Gordon yana ciki yana wanke burushin da ba shi da datti. Da farko dodon ya yi ƙyalli. Can sai Gordon ya ji muryar Len ta canja.

“Gordon. Gordon, zo ka ga. Haka yake yi?”

Fari ne ke hawa, kamar an busa gari. Ya fara daga fukafukai ya bi baya, shuɗin ya dushe ya koma toka, garwashin ƙirji ya mutu. Kafin shayi ya huce dodon ya zama kamar abin da aka manta a cikin firiza.

Len ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙaton mutum, yana taɓa fukafukin da ɗan yatsa. “Na kashe shi. Sati nawa matar nan tana kansa, ko kwabo ta ƙi karɓa. Wayyo ni, garaje ya ja mini. Da wane ido zan dube ta?”

Gordon ya ɗauka zai ji sanyi a ransa. Ya ji, amma na ɗan lokaci ne, kamar ɗanɗanon sukari a harshe, sai wani ɗaci ya biyo baya.

Len ya miƙe yana share gwiwa. “Ka karɓe shi. Ka wanke fentin duka ka sake. Kore, ko me ka ga dama. Da ma kai ya kamata in ba tun farko, alhakinka ne ya kama ni. Zan ce mata ya faɗi ne ya karye, ka gyara.”

Ya tafi ko shayi bai sha ba.

Pauline na bakin tagar kicin tun ɗazu. Da Gordon ya shigo ba ta juyo ba, ta ce, “Kai da ba ka feshi sai ka saurari hasashen yanayi kamar manomi. Kai da kake sa ni ɗumama maka gwangwani a ruwan zafi.”

“Shi ya ce a ba shi.”

“Shi ya ce.” Ta ajiye wuƙar da take fere dankali. “Mutumin da ya kwana da kai a asibiti lokacin da aka yi maka aiki. A kan ɗan ƙadangaren roba, Gordon. Ka ji kunya, tsohon banza.”

Gordon ya juya. Ya koma ɗakin katako.

To, ga dodo ya dawo hannunsa, ga koren fenti kala uku, ga izini daga bakin mai shi. Ran Lahadi ya zuba ruwan wanke fenti a babbar roba, ya ɗauko dodon zai tsoma. Sai ya tsaya. Ya san wani abu kuma da Len bai sani ba: sau da yawa farin nan a sama kawai yake, in an bi shi da man kariya mai sheƙi, na shafawa da burushi, yakan narke. Ba kullum ba. Ya ce bari ya gwada a ƙarshen wutsiya, don dai ya tabbatar ba zai yi ba, ya tsoma da hujja.

Burushi na wucewa shuɗin ya buɗe ido.

Gordon ya zagi wutsiyar, ya zagi burushin. Ya tashi ya zaga lambu ya dawo. Robar na nan, ba wanda ya gani, Pauline ma ba ta san da wannan dabarar ba. Amma ya tuna hotunan da ke wayar Bernice, da duk idon da ya gan su. In ya kai koren dodo zaure, kowa zai ajiye nasa kusa da nata a zuci, kuma ya san yadda awon zai fito. Ya tuna kuma Len a durƙushe cikin taɓo. Shi kansa bai iya cewa wanne ne a cikin biyun ya fi nauyi ba. Ya mayar da ruwan wankin cikin jarka, ya jawo gilashin ƙara girma.

Kwana uku ya yi a kansa, ɓawo bayan ɓawo, kuma bai taɓa aikin da ya ci masa rai kamar wannan ba. Ta cikin gilashin babu abin da ya ɓoyu. Ya ga inda ta sa ɗigon ja a cikin inuwar shuɗi, abin da shi ba zai taɓa tunani ba, kuma shi ne ya sa bayan ke motsi. Ya ga siraran jijiyoyin da ta ja a fukafuki da layin da ya fi gashi ƙanƙanta. Shekarunsa duka yana jin hannunsa ne ya fi na kowa tsayuwa. Ashe hannu ba shi ne duka ba, matar nan ido gare ta, kuma ido ba a sayensa a shago. Wurare biyu farin ya ƙi tashi, a gefen muƙamuƙi da kan kafaɗa, dole ya haɗa launi ya bi sawunta. Sai da ya ɓata haɗi ya fi a ƙirga kafin ya dace da shuɗinta. Da ya dace ɗin ma haushi ya ji, don ya fi duk koren da ya saya kyau.

Ran Laraba rana ta ɗan leƙo, ya ɗumama gwangwani, ya fesa siririn feshi ya kashe sheƙin. Ran Alhamis ya ajiye kwalin a gaban Len a zaure.

Len ya yaye tawul yana shirin ganin kore. Sai ya yi ihu har aka juyo daga tebura. Ya rungume Gordon ya ɗaga shi sama, ya manta da ƙaryar da ya shirya, ya ba kowa labari tun daga farko: yadda shi wawa ya kashe dodo, yadda Gordon ya tashe shi. Aka yi ta dafa kafaɗar Gordon. Kowace dafawa kamar an ɗora masa dutse.

Bernice ta ɗauki dodon ta juya shi a haske, ta daɗe a kan muƙamuƙin.

“Nan hannunka ne,” ta ce. “Ka kama shuɗin sosai. Na gode, Gordon.” Sai ta rage murya. “Yaushe aka yi feshin?”

“Asabar.”

“Asabar ai wuni aka yi ana ruwa.”

“Haka ne.”

“Gwangwanin wa?”

“Nawa.”

Ta dube shi, shi ma bai kawar da kai ba. Ta ajiye dodon a hankali, ta ce akwai kek ɗin lemon tsami a wurin shayi in yana so, ta koma teburinta. Ba ta sake tayar da maganar ba, a ranar ko bayanta, kuma Gordon bai taɓa yafe mata wannan kirkin ba.

Aka jera runduna. Len ya dasa dodonsa a tsakiyar baradensa, masu tsatsa da taɓo, ya yi kamar ɗawisu a cikin kaji. Tun jifan farko Gordon ya juya duk igwoginsa kan dodon.

“Kai, baradena na zagayo ka ta hagu fa,” in ji Len.

“Na gani.”

Ya ci gaba da harbi. Masu baka ma dodo, masu gatari ma dodo. Baraden Len suka shigo ta hagun suka tattake masa sansani, suka kwashe tutarsa, suka kashe sarkin wadanni, Gordon ko waiwaye. Daga ƙarshe ƙwaya ta faɗo daidai, dodon ya mutu, aka ɗauke shi daga tebur aka mayar kwali. A lokacin wadannin Gordon da ke tsaye ba su fi biyar ba. Len ya ci wasan, yana dariya har da hawaye.

A hanyar gida Len ke tuƙi, kwalin na kujerar baya an ɗaure shi da bel. Suka tsaya suka sayi kifi da soyayyen dankali, suna ci a mota, gilashi ya yi gumi.

“Ka san wani abu?” in ji Len da baki cike. “Kwana biyar ka yi da shi, ka cece shi, ka harbe shi, amma ko sau ɗaya ba ka ce yana da kyau ba.”

Gordon ya daɗe yana tauna.

“Yana da kyau,” ya ce. “Ya fi duk abin da na taɓa yi maka.”

Len ya daina ci, ya juyo.

“Amma idanunsa sun yi girma,” in ji Gordon. “Miƙo gishirin nan.”